Shafuka goma sha ɗaya bayan sallama daga asibiti

Ranar da aka sallami yayana daga asibiti, a farkon watan Fabrairu na 2021, duk gidanmu mun ɗauka wahala ta ƙare. Ya yi kwana goma sha shida a kwance, tara daga cikinsu da robar iska a hanci, bayan gwaji ya tabbatar da cewa korona ce ta kama shi a tsakiyar hunturun nan da cutar ta sake tasowa karo na biyu a Najeriya. Zaure ya cika da 'yan barka, Inna ta sa aka toya waina ta sadaka aka raba wa almajirai, ni kuma na ɗauko littafin da nake rubuta duk abin da muka kashe tun ranar da aka ba shi gado, na ja layi a ƙarƙashin jimla, na rufe. Da yake ni ne mai albashi a gidan, ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Birnin Kebbi, riƙon lissafin jinya a kaina yake faɗawa. Kwanciyar asibiti ta ci shafi uku a littafin nan. Abin da ya biyo bayanta ya ci shafi goma sha ɗaya, kuma a kan waɗannan shafukan nake so in yi magana.

Yayana manomi ne a fadamar ƙasar Argungu, yana noman shinkafa damina da rani, yana kuma taɓa albasa idan hali ya yi. Baki goma sha huɗu ne ke ci daga guminsa. Mutum ne da na sani yana saɓa injin ban-ruwa a kafaɗa daga bakin hanya har bakin rijiyar gona ba tare da ya sauke ba. Wannan mutumin ne ya dawo gida ya kasa zuwa masallacin ƙofar gidanmu sai ya tsaya sau biyu yana haki, hannu ɗaya dafe da katanga. Idan ya yi ruku'u sai jiri ya ɗebe shi, har ya koma yin salla a zaune. Zai fara ba da saƙo ga ɗansa, a tsakiyar magana ya manta abin da zai ce. Zazzaɓi ya tafi, tari ya ragu ƙwarai, takardar gwaji ta ce babu cutar a jikinsa, amma ƙarfin da ake noma da shi bai biyo shi gida ba. Lokacin kuwa lokacin dashen shinkafar rani ne, wanda idan ya wuce ba a kamo shi.

A watan Oktoba na 2021 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayanin da ya ba wannan hali suna da iyaka. Ta ce larura ce da ke samun wanda ya yi korona, galibi wata uku daga fara ciwon, alamunta kuma suna ɗaukar aƙalla wata biyu ba tare da an sami wata cutar da za a jingina su gare ta ba. Manyan alamun su ne gajiya mai tsanani, ƙarancin numfashi, da rikicewar tunani ko mantuwa, kuma sukan lafa su dawo. Mu a watan Maris ba mu da wannan bayani. Abin da muke da shi shi ne ra'ayoyin masu zuwa dubiya, kowa da nasa. Wani ya ce shawara ce, wani ya ce taifot ne ya zauna a jiki, wata gwaggo ta ce a bincika ko an yi masa sammu saboda albarkar gonarsa ta bara. Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne wanda na ji a bayan fage, cewa wai ya saba da kwanciya ne kawai. Ciwon da ido ba ya gani yana da saurin jawo wa mai shi zargi, kuma na ga yadda wannan maganar ta sa ya riƙa tilasta wa kansa abin da jikinsa ba zai ɗauka ba.

Idan na buɗe littafin yau, shafuka huɗu na farko bayan sallama duk abu guda ne yake maimaita kansa. Gwajin maleriya da taifot, sau huɗu. Allurai daga kyamis. Ƙarin ruwa a gida, leda bayan leda, domin a wurin mutanenmu wanda ba shi da ƙarfi ruwa ake ƙara masa. Kwalaben maganin ƙarin jini, alhali ba a taɓa auna jininsa an ce ya yi ƙasa ba. Saiwoyi da jiƙo daga masu maganin gargajiya biyu, ɗaya har sai da aka yi tafiya zuwa wani ƙauye a kan iyakar Nijar. Ba na ganin laifin kowa a cikinmu, domin wanda nasa yake kwance ba ya zama ya naɗe hannu. Sai dai duk kuɗin nan an kashe su ne wajen neman kashe cutar da ta riga ta bar jiki, alhali abin da ya saura shi ne ɓarnar da ta yi ta tafi, wato huhun da bai gama murmurewa ba, tsokar da ta saki saboda doguwar kwanciya, da numfashin da ya koma gajere yana tsayawa a ƙirji.

Waɗannan kuɗin ma su ne ƙananan. Babbar asarar tana gona. Aikin da yayana yake yi da hannunsa, ko yake tsayawa a kansa da idonsa, dole aka ɗauki 'yan ƙwadago su yi, kuma kowane manomi ya san bambancin gonar da mai ita yake ciki da wadda aka bar wa ɗan haya. An yi dashe a makare, an sa taki ba a kan ƙa'ida ba, inji ya lalace sau biyu saboda babu mai kula da mansa. Kusan rabin filin aka bari bai ga iri ba. Babban ɗansa, wanda yake aji biyar na sakandare, ya bar makaranta zango guda cur yana kwana a fadama. Matarsa ta farko, wadda take turara shinkafa tana sayarwa kuma take zubin adashi daga ribar, ta ajiye sana'ar ta koma jinya. Da azumi ya zo a watan Afrilu aka sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗa biyu, kuma wanda ya san noma ya san cewa sa ɗaya ba ya jan garma, don haka sayar da ɗaya tamkar sayar da biyun ne. Har an fara maganar jinginar da gonar tudu. Ciwo na mutum ɗaya ne, amma hannu uku ya cire daga aiki a gida guda, ya kuma fara cin jarin da aka yi shekaru ana tarawa.

Wani abokin aikina da mahaifinsa ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki shi ne ya ce mu gwada sashen gashi, wato fisiyo, inda ake farfaɗo da jiki ta hanyar motsa shi. Na yi mamaki, domin a tunanina likitan fisiyo na masu karaya ne da masu shanyewar jiki, ban taɓa haɗa shi da numfashi ba. Muka je wani asibiti a Birnin Kebbi bayan ƙaramar salla. Likitan, matashi ne da bai kai yayana shekaru ba, bai rubuta magani ko ɗaya ba. Ya fara da tambayoyi masu yawa, ya tabbatar an duba zuciya, sannan ya maƙala masa wata 'yar na'ura a yatsa mai nuna yawan iskar da ke cikin jini da bugun zuciya, ya ce ya yi ta kai da komo a baranda na minti shida, ya tsaya duk lokacin da ya ji ba zai iya ba. Ya tsaya sau uku. Likitan ya rubuta nisan da ya yi a kati.

Yayana ya ce, "Likita, ni fa allura na zo a yi mini in koma gona, damina ta kusa."

Ya ce, "Alhaji, da akwai allurar da za ta yi wannan aikin da ni kaina na yi maka ita yanzu. Ƙarfinka a halin yanzu kamar kuɗin cefane ne, kaɗan ne kuma a ƙidaye yake. Idan ka kashe shi duka da safe, da yamma sai bashi, kuma jiki ba ya yafe bashi. Za mu koyi yadda ake kashe shi da lissafi har ya ƙaru."

Ya koya masa shaƙar iska ta hanci a hankali, hannu ɗaya a kan ciki don ya ji cikin yana tasowa, sannan ya fitar ta baki leɓɓa a tsuke, kamar mai hura kunu mai zafi. Ya nuna masa yadda zai sunkuya gaba kaɗan ya dafa gwiwa ko katanga idan haki ya taso. Ya ba shi aikin gida: tashi da zama daga kujera, ɗaga dugadugai yana riƙe da ƙofa, tafiya 'yar gajeruwa a inuwa da safe, kowanne da adadinsa, kuma da sharaɗin kada a ƙara sai an yi kwanaki ba tare da jiki ya yi ƙorafi ba. Aka sa masa ranar dawowa sau biyu a mako. Wannan shi ne abin da nake kira jinyar je-ka-ka-dawo, kamar yadda muke kiran makarantar da ɗalibi yake zuwa da safe ya koma gidan iyayensa ya kwana.

Ba a tafi sumul ba. A mako na huɗu ya ji ɗan dama-dama, sai ya hau babur ya tafi fadama ya wuni yana nuna wa yara inda za a gyara kunya. Ranar bai ji komai ba. Bayan kwana biyu ya kwanta, ya yi kusan mako guda ko wanka sai an taimaka masa. Likitan ya bayyana mana cewa wannan sananniyar alama ce ga wasu masu wannan larurar, wahalar aiki ba ta bayyana nan take sai bayan kwana ɗaya ko biyu, kuma shi ya sa ba a yi musu irin horon da ake yi wa ɗan ƙwallo na a matsa a ƙara. Ga irin waɗannan, motsa jiki ba tare da awo ba yana iya mayar da hannun agogo baya. A nan na gane amfanin ƙwararre. Da shawarar "ka daure ka motsa" kawai ake bukata, da maƙwabta sun wadatar, domin sun ba da ita kyauta tun farko, kuma ita ce ta riƙa kayar da shi.

Yanzu bari in zo ga lissafi, wanda shi ne dalilin wannan rubutu. A asibitocinmu ba mara lafiya kaɗai ake kwantarwa ba. Duk wanda aka ba gado, akwai mai jinya aƙalla ɗaya da zai bar aikinsa ya tare a baranda da tabarma da buta, shi ne mai sayo magani, mai kai jini ɗakin gwaji, mai ɗebo ruwa, mai wanki. Akwai kuɗin gado kowace rana, akwai abincin mutum biyu a gari inda komai sai an saya, akwai kuɗin motar 'yan dubiya da ba za a hana su zuwa ba. A kwana goma sha shida da muka yi, ni na bar aji, matarsa ta bar gida da yara. A jinyar je-ka-ka-dawo kuwa abin da muke biya shi ne kuɗin ganin likita da kuɗin mota. Yana kwana a ɗakinsa, yana cin tuwon da aka tuƙa wa kowa daga rumbun gida, matarsa ta koma kan tukunyar shinkafarta, yaron ya koma makaranta. Kafin ya iya riƙe fartanya ya iya zama a gindin bishiya yana duba masu aiki, kuma wannan zaman kaɗai ya rage ɓarnar iri da taki. Wata huɗu da muka yi muna zuwa sashen gashi, duk da kuɗin mota, shafi ɗaya da rabi suka ci a littafina, kuma jimlarsu ba ta kai abin da muka kashe a ƙarin ruwa da allurai da jiƙo ba.

Wannan bambanci yana da nauyi a ƙasa irin tamu, inda fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Inda inshora ko gwamnati ke ɗaukar nauyi, doguwar jinya matsalar baitulmali ce. A nan matsalar rumbu ce da turke. Iyalin da ciwo ya sa suka sayar da sa ko suka jinginar da gona ba a shekara guda suke farfaɗowa ba, wasu ma ba sa farfaɗowa, sai ka ga manomi mai gonar kansa ya koma ɗan ƙwadago a gonar wani.

Ita ma hukuma tana da riba a ciki, ko da ba ta lissafa ba. Gadon asibiti abu ne mai tsada da ƙaranci, yana bukatar ma'aikatan jinya dare da rana, da wuta, da ruwa. Gado ɗaya mutum ɗaya yake ɗauka, alhali ɗakin gashi guda yana iya karɓar mutane da dama a wuni ɗaya, wasu ma a rukuni. Yawancin kayan da aka yi wa yayana aiki da su ba su wuce kujera, matakala, robar ja, agogo da 'yar na'urar yatsa ba. Sannan jihar da ke alfahari da shinkafa, inda aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamba na 2015, ya kamata ta san cewa rance da taki da iri ba sa noma da kansu. Duk manomin da ya zauna shekara guda saboda raunin da za a iya gyarawa, buhunan da bai noma ba sun fita daga kasuwar Argungu da ta Jega, daga injinan casa, daga aljihun direba da ɗan dako.

Korona baƙuwa ce a wurinmu, sai ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da shigarta Najeriya. Amma raunin da cutar bairos ke bari bayan ta wuce tsohon sani ne a ƙasar Hausa, muna ganinsa a kowace tasha da kowace ƙofar masallacin Juma'a. Shan inna ita ce babbar shaida. Cikin kowane mutum 200 da ƙwayar ta kama, kimanin ɗaya ne take shanye wa gaɓa har abada, galibi ƙafa. Sunan da muka ba ta ya nuna inda iyaye suke fara nufa, domin wanda ya yarda cewa Inna ce ta sha ƙafar ɗansa wurin masu iskoki zai kai shi, kuma kafin a waiwayi asibiti gwiwa ta ƙandare a lanƙwashe. Jijiyar da ƙwayar ta kashe ba ta dawowa, wannan gaskiya ne. Sai dai ƙandarewar gaɓa, wadda ita ce take mayar da yaro mai jan gindi, abu ne da ake iya hanawa da miƙa gaɓar kullum, da ɗaurin da ya dace, da takalmin ƙarfe da sandunan dogarawa, duk ba tare da an kwantar da yaro ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A unguwarmu akwai mutum biyu sa'o'in juna da cutar ta taɓa suna ƙanana. Ɗaya kakarsa ta dage tana goya shi zuwa asibiti har aka yi masa takalmin ƙarfe, ya tashi yana ɗingishi amma a tsaye, ya yi makaranta, yau tela ne mai keke huɗu da yara shida suna koyon aiki a ƙarƙashinsa. Ɗayan ba a kai shi ba, ƙafafunsa biyu suka naɗe, yau a kan keken guragu yake bin motoci a mahaɗar hanya. Ba hankali ko zuciya ɗayan ya fi ɗayan ba, na san su duka biyun. Idan aka ɗora kuɗin takalman da aka yi ta sauya wa telan yana girma a kan sikeli guda, aka ɗora shekaru talatin na sana'a da ciyar da iyali da koyar da wasu a ɗaya sikelin, ba a bukatar masanin tattalin arziki ya faɗi inda ya rinjaya.

An ga mutum na ƙarshe da asalin ƙwayar shan inna ta daji ta shanye a Najeriya a jihar Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ita. Wannan nasara ce ta gaske, ko da yake wani nau'in ƙwayar yana ci gaba da ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci, har da yankinmu na arewa maso yamma. Abin da ake yawan mantawa shi ne waɗanda ta riga ta taɓa suna nan da rai, kuma da yawansu, bayan shekara 15 zuwa 40, sukan fara jin sabon rauni da ciwon gaɓoɓi da gajiya a tsokar da ta daɗe tana ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinta. Telan unguwarmu ya fara wannan ƙorafi. Idan bai sami mai duba shi ya gyara masa takalmi ya koya masa rage wa kafaɗunsa wahala ba, shagon da ke ciyar da gida bakwai ne zai rufe.

Haka zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na Borno a 1969: kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke sukan sami matsalar ji, wasu jin yana dawowa kaɗan cikin wata ɗaya zuwa uku, wasu kuma sun kurumce ke nan. Baƙon dauro ma yana barin makanta da kurumta a jikin yara. Gwajin ji, na'urar kunne, koyar da magana da koyar da sana'a duk ayyuka ne na a zo a koma gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 2.4 a duniya suna da larurar da irin wannan farfaɗo da jiki zai amfana, kuma a wasu ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi fiye da rabin masu bukata ba sa samu. A watan Mayu na 2023 babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙuduri na farko da ya nemi ƙasashe su sanya wannan aiki a cikin tsarin lafiyarsu tun daga matakin farko. Kalmar "matakin farko" ita ce ta fi damuna, domin a nan ne duk lissafin da na yi a sama yake iya rushewa.

Arahar jinyar je-ka-ka-dawo tana rataye ne a kan kusanci. Mu mun yi sa'a ta fuska biyu: garinmu bai yi nisa da Birnin Kebbi ba, kuma a 2021 litar fetur ba ta kai naira 170 ba. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta haura naira 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Kuɗin mota ya bi ta, haka kuɗin kabu-kabu daga ƙauye zuwa bakin titi. Mai rauni kuwa ba ya tafiya shi kaɗai, kujera biyu ake biya zuwa da dawowa. Ka ɗauki mutumin Yauri ko Zuru ko Kamba ko Bagudo da aka ce ya riƙa zuwa babban birnin jiha sau biyu a mako. Tafiyar sa'o'i ce, a wasu hanyoyin ma da fargabar 'yan bindiga, kuma ga mai gajiyar bayan korona wahalar hanyar kaɗai ta isa ta cinye ƙarfin da aka je nema. Irin wannan mutumin zai zo sau biyu ko uku ya daina, sannan a rubuta a katinsa cewa ya ƙi bin ƙa'ida. A barandar da muke jira na ga fuskoki da dama da suka ɓace bayan mako biyu, kuma da na tambayi wata tsohuwa da ke kawo jikanta daga nesa, ta ce mini, "Ɗan nan, akuya biyu na sayar, ta uku ta marayu ce."

Ra'ayina shi ne jihar da ke da ƙananan hukumomi 21 ba za ta tara masu gashi a birni ɗaya ko biyu ta ce tana da wannan aiki ba. Ya kamata kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya sami likitan fisiyo da ɗaki guda, ko da zai riƙa zagayawa ne ranar kasuwa, lokacin da motoci suke da yawa kuma mutane dama za su shigo gari. Ma'aikatan lafiya na asibitocin mazaɓu ana iya koya musu abubuwa na farko: gane wanda ke bukatar a tura shi gaba, koyar da numfashi, miƙa gaɓa, da bibiyar aikin gida. Bayan an ga mutum ido da ido an auna shi, wani ɓangare na bibiya ana iya yinsa ta waya, kamar yadda likitan yayana ya riƙa yi a watan ƙarshe, ya rage mana zuwa daga sau biyu a mako zuwa sau ɗaya a mako biyu. Hanyar kuɗi ma akwai ta a doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko, dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, jiharmu kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KECHEMA. Abin da nake roƙo shi ne duk lokacin da ake tsara abin da waɗannan asusun za su biya, a sa gashi da takalmin ƙarfe da gwajin ji a sahu ɗaya da magani da tiyata, a kuma sa adadin zuwa da zai isa a ga amfani, domin aikin nan na watanni ne.

Ba kowa ne yake komawa yadda yake a da ba, kuma yayana yana cikin waɗanda ba su koma ba. Har yau ba ya saɓa inji, kuma idan hazo ya sauko yana jin ƙirjinsa. Damina ta 2021 ya yi ta a gindin bishiya da carbi da waya, yana aika yara. Da rani ya zagayo ya shiga ruwa da kansa ya yi dashe na sa'a biyu da safe, ya fito ya huta, ya koma na sa'a ɗaya bayan la'asar, yadda aka koya masa. Gonar tudu ba a jinginar da ita ba. Yaron ya gama sakandare. Abu na ƙarshe da na rubuta a shafi na goma sha ɗaya, a watan Mayu na 2022 bayan an yanke shinkafar rani, shi ne kuɗin ɗan maraƙin da muka sayo don a haɗa shi da san da ya rage, da kuɗin motar da ta kawo shi gida.